Sunan da Ban Taɓa Faɗa Ba

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Zuwa ga ɗana na fari,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, ko da yake bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naka, kuma tun safe nake jin kana jan akwati kana rufewa kana sake buɗewa. Allah Ya tsare ka a tafiyar nan, Ya tsare gabanka da bayanka, Ya sauke ka Kano lafiya, Ya haɗa ka da mutanen kirki.

Shekarar yaƙin Kuwait, lokacin da jiniya take kuka a Riyadh muna liƙe tagogi da salatif, a shekarar na fara riƙe sitiyari a garin nan. Da ita nake ƙirga komai. Bayan jiniya da shekara uku aka kawo min mahaifiyarka daga Kazaure ta kama girki a gidan da nake tuƙi. Bayan jiniya da bakwai aka haife ka a nan unguwar Shumaisi. Ban yi boko ba, ban san kalanda ba, amma ba wanda ya taɓa kama ni da kuskuren shekara.

Malam Sanusi na bene na sama, mutumin Damagaram mai karatun jami'a, shi yake riƙe da biro. Na kafa masa sharaɗi: abin da na faɗa shi zai rubuta, ko ya miƙe ko ya karkace. Ya ce zai ɗan gyara min zance, na ce ya bar gyaransa a jami'a. Ƙanwarka Zainab za ta miƙa maka takardar bayan magariba. Ka karanta a zaune.

Wata bakwai ke nan ban ce maka komai ba in ban da amsa sallama, tun ranar da ka ce za ka ajiye aikin sito a unguwar Sulai ka tafi Kano wurin masu shirya fim. Ba na jin akwai wanda ya fi ni sanin shiru a unguwar nan, da shi na ci abinci shekara talatin da wani abu. To yau zan faɗa maka inda ya yi min rana da inda na yi ɓarna da shi.

Kafilina na farko, wato ubangidan da nake zaune a ƙasar nan da sunansa, tsoho ne mai sayar da dabino a kasuwar Utaiƙa. Shaiba muke ce masa, wato dattijo. Ranar da zai gwada ni ya zauna a baya yana nuna min hanya da yatsa. Daga Shumaisi har kasuwa ban ce uffan ba. Da muka isa ya ce wa babban ɗansa wannan direban mai hankali ne, ba ya surutu, a ɗauke shi. Gaskiyar magana, Larabcin da na sani a lokacin bai wuce na sallah ba. Da ina da bakin da zan yi surutun da na yi. Amma da na ga abin da ya samar min aiki sai na riƙe shi, har bayan da na iya harshen.

Direban gida idonsa na kan titi. A bayanka ake faɗa, a bayanka ake shiryawa, a ƙulla aure a kwance, kai ko madubi ba ka ɗaga ido ka kalla ba. In ka iya haka sai mutane su manta kana nan, su riƙa fitar da abin da ko matansu ba su sani ba. Shaiba yana da ƙane da suka yi saɓani ya rasu ba su shirya ba. Duk Alhamis bayan la'asar nakan kai shi maƙabarta. A hanyar dawowa sai ya riƙa yi wa ƙanen magana kamar yana zaune kusa da shi, yana kiran sa da sunan ƙuruciya, yana ba shi haƙuri, yana share hanci da gefen mayafin kansa. Shekara shida ina jin wannan.

Abin da ba ka sani ba game da ubanka shi ne, ni ma na iya kwaikwayo. Kada ka yi dariya. Duk Juma'a bayan an sauko, mu direbobi mukan taru a bayan kasuwa mu ci shinkafa da kaza a faranti ɗaya, kuma ni ne mai ba da dariya. Ina yin bakaniken nan ɗan Sudan, ina yin mai shago ɗan Bangali, ina yin ɗan sandan hanya da yadda yake karɓar lasin da yatsu biyu. Wata Juma'a na ƙare duk waɗanda na saba yi, ana ta cewa Idi ƙara mana, Idi ƙara mana. Daɗin tafi ya kwashe ni. Na ɗora tawul a ka, na karya murya, na yi Shaiba yana ba ƙanensa haƙuri. An yi dariya har wani ya ƙware da shinkafa. A cikin masu dariyar akwai direban gidan surukan Shaiba.

Alhamis biyu bayan haka muka je maƙabarta muka dawo, bai ce komai ba duk hanya. Da na tsaya a ƙofar gida, kafin ya fita, sai ya ce:

"Idris, ni na ɗauka motar nan ɗakina ce."

Ya buɗe ƙofa ya shiga gida. Bai kore ni ba, bai zage ni ba. Duk shekara ya sabunta min iƙama, takardar zaman ƙasa. Da aka haife ka shi ya aiko da ragon suna. Amma daga ranar har ya koma ga Allah, shekara huɗu, abin da yake faɗa a motar bai wuce sunan inda za mu ba. Kasuwa. Masallaci. Gida. Da ya mare ni da ya fi min sauƙi. Duk Alhamis ina cewa yau zan ba shi haƙuri, sai in ga ƙeyarsa tana shiga gida ban buɗe baki ba. Haka na yi ta ɗagawa har na kai gawarsa maƙabartar da na saba kai shi.

Saboda haka ranar da Zainab ta nuna min wayarta na gan ka kana kwaikwayon manajanku na sito, tafiyarsa da yadda yake jan hanci, na mayar mata da wayar na nufo ka. Na ɗaga murya na ce maka haram ne, sana'ar 'yan iska ce. Ƙarya na yi, na fake da addini. Ni wa ya ba ni ilimin fatawa? Kaina na gani a bayan kasuwa da tawul a ka. Na kasa faɗa maka haka, sai na yi maka ihu, da ihun ya ƙare na rufe baki.

To ga nasihata a nan. Sana'ar da ka zaɓa ta ɗaukar mutane ce. Ka ɗauki tafiyar mutum, ka ɗauki tarinsa, ka ɗauki yadda yake gyara hula. Amma abin da ya yi a gabanka don ya yarda da kai, ka bar masa kayansa, ko da duk Kano za ta tafa maka a kansa. Kuma in ka ɓata wa mutum, ka ba shi haƙuri a ranar, kada ka jira wata Alhamis.

Yanzu bari in taɓa aikin naka, tunda ka nace. Na kalli wasan da kuka ɗauka a bayan sito, inda aka zo aka ce maka mahaifiyarka ta rasu. Zainab tana tsammanin sau ɗaya na gani. Malam Sanusi shaida ne, na sa ya maimaita min ya fi sau goma, har ya ce in sayi tawa wayar. Ka iya tsayuwa, ka iya kallo, wannan ba zan ɓoye ba. Amma da aka faɗa maka labarin sai ka ɗora hannu a ka, ka kurma ihu, ka faɗi ƙasa kana birgima. A ina ka ga an yi haka? Kai da aka taɓa faɗa wa labarin da gaske?

Bari in tuna maka, don ni ban manta ko ɗaya ba. Bayan jiniya da shekara ashirin da biyu ne, kana ɗan sha biyar. Ta ce tana sha'awar kunun gyaɗa, na bar ka da ita na koma gida na sa maƙwabciya ta dama, na zuba a fulas na dawo asibiti bayan azahar. Likita ta tare ni a ƙofar ɗakin ta faɗa min. Ka san abin da na ce mata? Na ce to kunun fa, da zafinsa. Ta dube ni, na dube ta. Na sauka ƙasa da fulas ɗin a hannu, na ɗauko tsumma na fara goge gilashin mota, gilashin da na wanke da safe. Ban san minti nawa na yi ba.

Da na hau na same ka durƙushe a gefen gado. Ka jawo silifas ɗinta daga ƙarƙashi, ka haɗa su ƙafa da ƙafa, ka rungume a ƙirji. Ka tambaye ni ko a samo leda a saka. Akwai wata mata 'yar Sudan a gadon da ke kusa, ba ta san mu ba, ba mu san ta ba. Da ta gan ka da takalman nan sai ta fashe da kuka har sai da aka riƙe ta. Mu biyu ba wanda ya zubar da hawaye a ɗakin. Ita ta yi mana.

Wannan matar ita ce mai kallonka. In ka yi ihun da kanka, ba ka bar mata komai ba, sai ta zauna tana kallon yadda kake birgima ko rigarka za ta yi datti. In aka sake ba ka irin wannan wuri, ka tsaya. Ka bar maganar ta sauka cikinka tukuna. Ka nemi abin da hannunka zai yi, don hannu yakan riga baki sani. Mai ɗaukar hoton zai ƙosa, ka bar shi ya ƙosa.

Na kuma lura in abokin wasanka yana magana, leɓenka yana motsi, kana bitar taka. Ka daina. Akwai direban da idonsa ke kan danja yana jiran ta ba shi hannu, akwai wanda yake kallon titin gaba ɗaya. Na farkon shi yake buge mai tsallakawa. Ka saurari mutumin kamar ba ka san abin da zai faɗa ba.

Na san dalilin saurinka. Hausarka tana da ɗanɗanon Larabci, kana tsoron a ji, sai ka riƙa gudu da magana don a wuce wurin. Za a ji. A Kano za su yi maka dariya, za su sa maka suna, 'yan uwanka ma na Kazaure za su taya su. Laifina ne da na uwarka da muka bar ku kuna amsa mana da Larabci. Ka bar su su dara, ka yi maganarka a hankali. Lokacin da ka yi shiru kana kallon mutum, ba wanda zai gane a wane gari aka haife ka.

Malam Sanusi ya ce hannunsa ya gaji. Na ce ya girgiza shi, yanzu muka zo inda nake gudu.

Akwai abin da ban taɓa zaunar da kai na yi maka bayani ba, don ban taɓa tunanin abu ne da ake bayani ba. A garinmu uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari. Ba ya wasa da shi a gaban mutane, ba ya yabonsa, in ana zancensa sai ya kau da kai. Kunya ake ce wa wannan. Ni ma ɗan fari ne. Mahaifina har ya rasu "kai" yake ce min, kuma ko sau ɗaya ban yi shakkar matsayina a wurinsa ba, domin duk garin haka ake yi, kowa ya san wanda ba a kiran sunansa shi ne wanda ya fi nauyi a zuciya. Na ɗauko wannan na kawo shi Riyadh a aljihu, na manta ban taho da garin ba.

Kai kuwa ka tashi inda ake kiran uba da sunan ɗansa na fari, a ce Abu wane, yana jin daɗi. Ka tashi kana ganin iyayen abokanka suna sumbatar goshinsu a ƙofar makaranta. Ni kuma "Malam" nake ce maka, ko "kai", Zainab kuwa ina kiran sunanta sau ashirin a yini.

Ka tuna ƙaramar sallar da kana ɗan shekara goma? Mun fito daga idi kana riƙe da hannun rigata, kana sanye da sabuwar jallabiya. Babban ɗan Shaiba, wanda ya gaji kafalata, ya hango ni ya ɗaga murya cikin fara'a ya kira ni Abu, ya haɗa da sunanka. Kunya ta kama ni kamar an tuɓe ni a kasuwa. Na ce masa don Allah ya riƙa kira na Idris kawai, ba na son wancan. Sai na ji ka saki hannun rigata. Na ji, amma ban waiwayo ba. Halin direba.

Uwarka ta gane tun da wuri. Ita ma da tana kunyarka, amma a asibiti ta ajiye. Da safen ranar da ta rasu, ka fita sayo ruwa, ta ce min:

"Malam, yaron nan ba a Kazaure ya tashi ba. Abin da kake ce wa kunya, shi ƙi yake gani. Ni dai na kira shi jiya, kuma harshena bai tsinke ba."

Ka san amsar da na ba ta? Na tambaye ta ko akwai abin da take sha'awar ci. Daga nan zancen kunun ya samo asali. Ta dube ni ta girgiza kai, ta ce in dai taurin kai ne, a makaranta ma sai dai in koyar.

Shekara goma sha biyu maganarta tana cikin kunnena ban yi aiki da ita ba. Sai makon jiya, bayan la'asar, ina tsaye a baranda da buta kuna tsammanin na fita. Zainab ta tambaye ka ko za ka shiga ka yi min sallama kafin ka tafi. Ka amsa mata da Larabci, ka ce me za ka ce wa mutumin da ko sunanka bai taɓa faɗa ba. Ba da fushi ka faɗa ba, da ma da fushi ne. Ka faɗa kamar mai ba da labarin farashin tumatir. Na ajiye butar na koma ɗaki ban yi alwalar ba.

Ni ne na zaɓa maka sunan nan. Ni na raɗa maka shi a kunne kana jinjiri, ba wanda ya ji. Ba ranar da ba na ambatonsa a sujada. Amma kai ba a cikin sujadata kake ba, ta ina za ka sani?

Ga abin da na koya a makare, ka karɓa kyauta. Shiru yana aiki ne in wanda ke gabanka ya san abin da ke cikinsa. Shaiba ya yi min shiru na gane, don ya riga ya faɗi kalma ɗaya. Matar Sudan ta gane, don ta ga takalman. Ni kuwa na yi maka shiru shekara ashirin da bakwai ban ba ka komai da za ka riƙe ba, na ƙara da wata bakwai a kai, ina jiran ka gane. In Allah Ya ba ka mata da 'ya'ya, kada ka sa su karanta zuciyarka. Ka yi shiru a kan sirrin mutane, ka yi shiru in an zage ka a waya, ka yi shiru in mai ba da umarni ya yi maka tsawa a gaban jama'a, ka same shi daga baya ku biyu. Amma wanda kake so, ka faɗa masa da baki.

Gwaggonka Asabe da za ka sauka wurinta a Fagge ba ta san wannan karatun ba ko kaɗan. Tun muna yara in ta fara zance sai dai kiran sallah ya raba. Ka zauna ka saurare ta, Hausar da kake nema tana bakinta. Za ta ba ka labarina, rabi gaskiya ne. Kada ka riƙa ce mata "yalla", wai ta yi sauri, in ta tsaya gaisawa da mutane a hanya. Ka durƙusa in za ka gaishe ta. Dabinon da na sa Zainab ta cusa a ƙasan akwatinka nata ne, ba naka ba.

Na san takardarka ta huruj ce, fita ta ba dawowa. Ka kuma san ni ba zan bar garin da uwarka take kwance ba, kun yi kun yi kun gaji. Shekaruna sun ja, ƙafata ta fara kumburi. Allah kaɗai Ya san ko za mu sake zama a mota ɗaya. Na bar Shaiba ya tafi da haƙurin da ban ba shi ba. Ba zan yi sau biyu ba. Ka yafe min ranar idi, ka yafe min watannin nan. Sana'arka na sa mata albarka, ba da rabin baki ba.

Allah Ya yi maka jagora, Ya kare ka daga sharrin baki, naka da na mutane. Ya ba ka abincinka ta hanyar halal, Ya sa ka gama da duniya lafiya. Allah Ya jiƙan mahaifiyarka, Ya jiƙan Shaiba da ƙanensa. Amin.

Ka kira abokinka da ka ce ya kai ka filin jirgi, ka sallame shi. Ba a yi direban da zai ɗauki ɗana ina raye ba. Gobe in na dawo daga asuba zan wanke motar, in duba ruwa da mai. A gaba za ka zauna, kusa da ni. Za mu biya maƙabarta ka yi wa uwarka sallama, akwai lokaci, na ƙirga. Amma kafin duk wannan zan zo in tsaya a ƙofar ɗakinka in kira ka. Ga Malam Sanusi nan ya ɗaga biro yana jiran in faɗi sunan ya rubuta, na ce ya ajiye, ba a takarda za ka fara samun sa ba. In ka ji muryar tana rawa ka yi kamar ba ka lura ba, kuma ban yarda ka kwaikwaye ni a Kano ba. Kai dai in ka ji, ka amsa.

Wassalam.

Mahaifinka,
Idi Direba
Shumaisi, Riyadh